Hannu a Baki a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na yi a Shagari, ko da na so in manta kuwa, don dangin mijina sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini duk sanda muka haɗu. Amma kafin in kai ku can, bari in fara gaya muku irin aikin da nake yi, in ba haka ba za ku ɗauka ina da taɓin hankali (akwai waɗanda har yau haka suka ɗauka, kuma ban ga laifinsu ba).

Ni malamar ajin reno ce a wata makarantar kuɗi da ke Bodinga. Ajin reno kuwa shi ne inda ake zuba yara 'yan shekara uku zuwa huɗu, waɗanda iyayensu suka gaji da su a gida, suka ce a je a koya musu karatu. Karatun da muke yi bai fi na minti kaɗan ba a yini. Sauran lokacin share majina ne, da raba faɗa a kan murfin kwalba, da neman takalmi wari ɗaya, da raka wannan bayan gida alhali wancan ya riga ya yi nasa a kan tabarma. In an tashi, nakan zauna a kan ƙaramar kujerar yara in kalli bango na ɗan lokaci, ba don ina tunanin komai ba, sai don ba ni da ƙarfin miƙewa.

Da na fara aikin, ihu kawai na sani. Ina da wata tsumagiyar bishiyar dogon yaro da nake buga wa tebur, ina cewa a yi shiru da iyakar ƙarfina. Su kuma sai su ɗauka wasan ranar ke nan, kowa ya gwada tasa muryar. Kafin Laraba maƙoshina ya dushe, ranar Alhamis in na yi magana kamar ana buɗe tsohuwar ƙofar kwano. Maigidana ya gaji da sayo zuma da citta da kanumfari, har mai kayan yaji na kasuwar Bodinga ya fara tambayarsa ko jego ake yi a gidanmu.

Shugabar makarantarmu, Hajiya Rabi, ita ta cece ni. Ta je wata bita a Sakkwato ta dawo, ta shigo ajina ta zauna a baya tana kallo. Da aka fita hutun tara ta kira ni ta ce, "Malama, tsakaninki da su, wa ya fi ihu?" Na ce su ne. Ta ce a'a, ta saurara da kyau, ni ce a kan gaba da nisa. Sannan ta zaunar da ni ta ce ƙaramin yaro ba kalma yake fara ji ba, sautin murya yake ji. In kin ɗaga, ya ɗaga. In kin sauke, zai matso ya ji me kike faɗa, don yaro ba ya son a yi wani abu ba da shi ba.

Ban yarda ba, amma na gwada don maƙoshina ya huta. Washegari da aji ya kaure, sai na ɗauki jakata na fara yi mata raɗa, kamar ina gaya mata sirri. Wallahi kafin in ankara sun kewaye ni, kowa ya saki baki yana son ya ji me ni da jaka muke ƙullawa. Daga nan na koyi sauran. Akwai muryar waƙa ta lokacin kwashe kayan wasa. Akwai wata mai sanyi amma mai nauyi, wadda ake durƙusawa daidai tsayin yaro a kalle shi cikin ido a faɗa sau ɗaya. Da ita na shawo kan wani Mubarak mai cizo. Nakan ce masa, a hankali, "Mubarak, haƙori na abinci ne. Hannun Safiya ba abinci ba ne." Ya ɗauki lokaci kafin ya amince da wannan bayani, amma ya amince.

Babban makamina kuwa shi ne tafi. In hayaniya ta yi yawa, sai in tafa, in rera da murya mai zaƙi, "Tafi ɗaya! Tafi biyu! Hannu a baki!" Kowa ya ɗora hannunsa a kan baki. Wanda ya ƙi, ba na kula shi. Na kusa da shi da ya yi shiru nake yaba wa, in ce, "Yawwa, ku dubi yadda wance ta natsu, a tafa mata!" Sai aji ya tafa yana rera, "Ta yi daidai, ta yi daidai!" Nan take mai taurin kan zai rufe nasa bakin, don shi ma yana son a tafa masa.

Abin ya yi aiki, na daina shan citta. Sai dai ba wanda ya gaya mini cewa irin wannan murya ba ta tsayawa a makaranta in an tashi, biyo mutum take yi har gida. Wata rana maigidana ya gama cin abinci, na ɗauke kwanon na ji bakina yana cewa, "Yawwa, ka cinye tuwonka tas!" Ya dube ni, ya dubi kwanon, ya ce to ya gode, ko akwai alewa. Muka yi dariya abin ya wuce. Da ina da hankali da tun ranar na gane akwai matsala a gaba.

To, a Shagari akwai Gwaggo Hansi, yayar surukina. Tsohuwa ce siririya mai kaifin harshe, wadda ko Baba (haka muke kiran surukin nawa) ba ya katse ta in tana magana. Tun da na fara aiki take cewa ba ta ga dalilin da zai sa mace ta bar nata 'ya'yan wajen maƙwabta ta tafi renon na wasu ba. Ta faɗa a suna, ta faɗa a gaisuwar Salla, ta faɗa har Baba ya ce to, a bari a gama bikin Nasiru, ƙanen maigidana, sai a zauna a duba maganar aikin nan nawa. Ni kuwa duk ƙorafin da nake yi a kan aikin, ina son abina. Ina son in ga yaron da ya zo yana kuka yana riƙe da zanen uwarsa, bayan 'yan makonni ya shigo da gudu ko waiwayenta bai yi ba. Maigidana ya san haka, shi ya sa ya yi ta roƙona, "Don Allah ki kama kanki a bikin nan. Ki yi gaisuwa, ki yi aiki, ki yi shiru. In Gwaggo ba ta samu abin faɗa ba, ni zan san yadda zan yi da Baba."

Na ce masa ai ni shiru sana'ata ce.

Makon bikin kuwa kamar an haɗa baki da shi. Abokiyar aikina ta ajin da ke kusa ta haihu, aka haɗe mini ajinta da nawa. Autana yana haƙori, ba ya barin kowa ya runtsa. Ranar Alhamis na cire tabarau na ajiye a kan tabarma don in wanke wa wata yarinya fuska, wani ƙaton yaro ya zo ya zauna a kai da dukkan nauyinsa (ni kuwa ba tabarau, in mutum ya wuce taku kaɗan daga inda nake, sai dai in ga launin rigarsa). Haka na shiga bas ranar Juma'a bayan an tashi, goye da yaro, ina gyangyaɗi har Shagari. Da isata aka miƙo mini tsintsiya, daga tsintsiya aka koma yankan albasa, buhu guda, wadda Baba ya ware daga gonarsa don biki. Na yi kukan albasa har na rasa ko na albasar ne ko na gajiya.

Da safiyar Asabar, ranar da dangin amarya za su zo jere, wato shirya mata ɗaki, na yi niyyar in laɓe a madafa inda ba mai ganina. Sai Inna, surukata, ta hango ni ta ce, "Yawwa, ga malamar yara. Ɗiyan nan sun hana mu sakat, ki tahi da su can rumfa." Kafin in buɗe baki an tattaro mini yaran biki kaf, na gida da na baƙi da na maƙwabta da ba a gayyata ba. Wato na baro aji biyu a Bodinga na zo na samu na uku a Shagari.

Me zan yi? Abin da na iya shi na yi. Na zaunar da su a rumfar da ke gefen rumbu, na koya musu tafi ɗaya, tafi biyu, hannu a baki. Na koya musu "ta yi daidai" da "ya yi daidai". Yaran ƙauye akwai saurin ɗauka, ba a jima ba suka haddace, har suna roƙona a sake. Na ba su labarin wata akuya da na ƙirƙiro a nan take, ina yi ina rage murya, suna matsowa, har wasu suka fara lumshe ido. Wata mata da ban sani ba ta zo ta ajiye mini jaririnta a cinya ta wuce ba ta ce komai ba.

Ana haka motar kaya ta iso daga Kajiji, garin amarya, da mata 'yan jere cike da wata bas a bayanta. Na ji guɗa, na ga launuka suna shigowa, na ga samari sun rungumo wani abu dogo mai ƙyalli suna nishi. Sif ne, irin ƙaton nan na katako mai ƙofofi da madubi da ake zuba tufafi. Na jingina kaina da ginshiƙin rumfa na ce bari in ɗan rufe ido kafin su gama shigo da kaya. Iyakar abin da na sani ke nan.

Abin da ya faru ina barci, daga baya facalata Maryam, matar wan maigidana, ta ba ni labari. Sif dai ya ƙi shiga ɗakin amarya. An gwada a tsaye, an gwada a kwance, an karkata shi, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Sai babbar gwaggon amarya, wata mace mai jiki da jan mayafi da ake kira Inna Kulu, ta ce ai ba laifin sif ba ne, wanda ya gina ɗaki kamar akurkin kaji shi za a tambaya. Gwaggo Hansi ta ji. Ta taso ta ce su a gidan nan mutane suke aurowa ba motar katako ba, kuma ɗakin da ake rainawa a irinsa aka haifi angon. Daga nan aka bar maganar sif aka koma tarihi. Aka tono wata saniya da ta shiga gonar wani tun kafin a haifi ango da amarya. Inna Kulu ta ce a mayar da kaya mota, 'yarsu ba ta rasa masoya ba. Inna surukata tana ba da haƙuri ba mai jin ta. Aka aika a kira Baba daga waje, shi kuma ya aika a nemo kafinta.

Ni duk wannan ban sani ba. Abin da na sani shi ne, cikin barci na ji hayaniya ta tashi, irin wadda takan tashi in na juya baya ina rubutu a allo. Muryoyi da yawa, kowa yana magana ba mai saurare, wani wuri ana kuka. Jikina bai tsaya neman shawarar ƙwaƙwalwata ba. Na miƙa jaririn ga yarinyar da ke kusa da ni, na miƙe, na fito tsakar gida, na tafa hannu da ƙarfi, na rera da muryar nan mai zaƙi kamar ana tallan alawa:

"Tafi ɗaya! Tafi biyu! Hannu a baki!"

Yaran da ke bayana suka amsa da tafi, raf, raf, kowa ya rufe bakinsa. Gidan kuma ya yi tsit. Tsit na gaske, har ina jin tafasar tukunya daga madafa.

A nan ya kamata in farka. Amma ku tuna ba ni da tabarau, ido kuma da sauran barci, ba abin da nake gani sai launuka a tsaye. Kuma duk malamar reno ta san shirun farko ba ya daɗewa, in ba ka yi maza ka kama shi ba ya tsere. Sai na ga wani jan abu yana motsi yana shirin magana. Na sauke murya, na ɗauko mai sanyin nan mai nauyi, wadda nake yi wa Mubarak, na nuna da yatsa na ce, "Ke mai jan mayafi, na gan ki. Ba ma ihu a nan. Ɗaya bayan ɗaya ake magana."

Jan abin ya tsaya cak.

Na juya ɗaya gefen, na ga wani siririn abu fari ya ƙame ba ya ko motsi. Raina ya yi daɗi, na ce ga wadda zan yi misali da ita. Na ce, "Yawwa! Ku dubi yadda wannan ta natsu. A tafa mata!"

Yaran nan, Allah ya shirye su, ba su taɓa yin abu da zuciya ɗaya kamar ranar ba. Suka tafa, suka rera da iyakar muryarsu, "Ta yi daidai! Ta yi daidai!" Gwaggo Hansi ake tafa wa. Jikokinta ne a sahun gaba.

Wani abu ya fara yi mini motsi a kai, kamar in ce ajin nan ya yi girma da yawa, kuma yaran sun yi tsayi. Amma bakina ya riga ya kama hanya, ba birki. A bakin zaure na hango wani a tsaye cikin shuɗi, rana tana bayansa, hannunsa a kan bakinsa sosai, yadda nake so, yadda na sha wahalar koya wa yara. (Kun dai san yadda babba yake riƙe baki in ya ga abin mamaki. Ni a lokacin ban kawo wannan ba.) Na ji daɗi har cikin raina, na ɗaga murya cikin waƙa na ce:

"Ga yaron kirki can a bakin ƙofa! Shi ya fara sa hannu a baki. A tafa masa!"

"Ya yi daidai! Ya yi daidai!"

Suna cikin rerawa yaron kirkin ya tako zuwa tsakar gida, ya fito daga hasken rana. Na ga babbar riga. Na ga hula. Na ga farin gemu. Na ga kafinta a bayansa riƙe da guduma, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa.

Baba ne. Surukina, wanda tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba, wanda in na ji takunsa nake canza hanya, wanda ko sunansa ba na iya faɗa in na ga mai irin sunan.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, hannuwana a haɗe kamar zan sake tafawa. Muryar da na fara ji ta Gwaggo Hansi ce, a hankali, kamar mai tambayar hanya: "Wa tac ce ma yaron kirki?" Sai wata 'yar ƙaramar jikarta ta cire hannu daga baki ta ce, "Gwaggo, ba a magana sai an ɗaga hannu."

Wannan ne ya fasa taron. Inna Kulu, mai jan mayafi, ita ta fara. Ta yi wata irin dariya har da riƙe ciki, ta zauna daɓas a kan buhun gero tana cewa, "Wayyo ni, yau na shiga makaranta da tsufana!" Matan Kajiji suka ɗauka, matan gidanmu suka toshe baki da mayafi suna kallon Baba, suna so su yi suna tsoro. Ni kuwa ƙafafuna suka tuna aikinsu. Na bar takalmi wari ɗaya a tsakar gida, na faɗa ɗakin Inna, na shige lungun da ke tsakanin gado da jeren kwanoni, na ja mayafi na rufe har fuska.

A nan na yini. Ban ci ba, ban sha ba, autana ma sai kawo mini shi aka yi na ba shi nono a lungun. Maryam takan leƙo lokaci lokaci, wai ta zo ba ni haƙuri, amma da ta buɗe baki sai dariya ta ƙwace mata ta koma. Ita ta gaya mini cewa faɗa ya mutu, don ba wanda ya iya komawa kan maganar saniya bayan abin da ya faru. Kafinta ya kwance kan sif ɗin da ƙafafunsa, aka shigar da shi gunduwa gunduwa aka sake haɗawa a ciki. Inna Kulu da Gwaggo Hansi har sun zauna a tabarma ɗaya, sun samu abin da suka yi ittifaƙi a kai, wato cewa matan ɗiyan yanzu sai addu'a.

Da la'asar maigidana ya zo bakin taga. Labari ya riga ya kai wajen maza, har abokan ango suna tafa wa junansu. Ya ce, "Abu ɗaya na roƙe ki." Na ce na sani. Ya ce, "Shiru kawai na ce ki yi." Na ce ai an yi shirun, kowa ma ya yi. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Na ce masa ya fara nema mini abin da zan riƙa sayarwa a gida, don na san aiki ya ƙare.

Washegari da safe ba makawa sai an je gaida Baba kafin mu koma Bodinga. Inna ta riƙo hannuna kamar mai kai akuya kasuwa. Na durƙusa tun daga bakin ƙofar turakarsa, kaina a ƙasa, na ce, "An kwan lahiya, Baba," da wata murya da ni kaina ban ji ta ba. Gwaggo Hansi tana zaune a gefe da carbi, ta zo da wuri don kada a yanke hukunci ba ta nan. Ta fara, "To ka dai gani da idonka. Wanga aiki ya taɓa mata kai. Jiya kai, gobe wa ya sani, ko liman."

Baba ya bari ta gama. Bai dube ni ba, don ba ya yi mini magana kai tsaye, Inna yake gaya wa ni kuma in ji. Ya ce, "Ki tambaye ta, ɗiya nawa ne a ajin nata?" Na faɗa wa Inna a hankali cewa wannan makon aji biyu ne a hannuna, Inna ta maimaita. Ya ce, "Kullum haka take yi da su, tun sahe?" Inna ta ce haka ne. Ya shafa gemu, sannan ya ce, "Ni jiya na shigo ban san mi zan ce ma matan nan ba. Shekaruna nawa ina rabon faɗa a gidan nan, ban taɓa samun shiru irin na jiya ba." Gwaggo ta ce ai ba wannan ake magana ba. Ya ce, "Ki ce mata ta koma wajen aikinta. In anka tsare ta a gida da wagga murya, ɗana za ta ƙare a kai."

Na yi godiya, na fara ja da baya a durƙushe, ina jin kamar an sauke mini dutse. Har na kai bakin ƙofa sai ya ƙara da cewa, da fuskarsa a ɗaure kamar mai karanta hukunci, "Kuma ki gaya mata yaron kirki ya yahe." Inna ta tuntsire da dariya har da hawaye. Gwaggo Hansi ta tattara carbinta ta fita tana cewa gidan duka ya lalace.

Aiki dai ya tsira, amma ni ban tsira ba. Sunana ya ɓace a Shagari, yanzu Hannu a Baki ake kirana, har yaran da ba a haifa ba lokacin. Amaryar Nasiru, wadda ba ta ma wurin, ta fi kowa iya ba da labarin, kuma duk shekara sai ya ƙara tsawo (a wani ƙaulin har na sa Baba ya ɗaga ƙafa ɗaya). Inna Kulu in ta gan ni a taro tun daga nesa take ɗaga hannu ta ce, "Malama, a ba ni izini in yi magana?" Gwaggo Hansi kuwa ta yi wata da watanni tana amsa gaisuwata da ka kawai. Da ta sauko, abin da ta fara ce mini shi ne, ita fa ba natsuwa ta yi ba ranar, mamaki ne ya kama ta, kada in ɗauka na iya da ita. Na ce na sani, Gwaggo. Mafi muni, duk bikin da aka yi a dangi yanzu, tun kafin in ajiye jaka an tara mini yara, kuma da an fara cacar baki a madafa sai ka ji wata ta ce a kira matar wane ta zo ta tafa.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, don ba ni da ƙarfin zurfafa tunani. Murya mai sanyi tana aiki a kan kowa, ɗan shekara uku da mai furfura, wannan na tabbatar da shi a gaban shaidu. Sai dai wanda ya yi shiru a aji gobe ya manta, wanda ya yi shiru a gidan surukai kuwa har abada yana tunawa. Shi ya sa yanzu in na shiga taron manya nakan nemi lungu, in zauna a kan tafukan hannuna biyu, kuma ko me za a yi, ko rufin ɗaki ne zai faɗo, ba na gyangyaɗi.